Kafin a buɗe maka inji, duba inda ƙafarka take

Kamar kullum, ga rubutun shirinmu na wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau maganar babur za mu yi, kuma a jikin babur ɗin ma wani ɗan ƙarfe ne guda ɗaya, wanda kake takawa da ƙafar hagu idan za ka canza giya. Wasu na ce masa fedar giya, wasu liba, ni dai ƙarfen giya zan riƙa cewa. Abin da nake so ku tafi da shi shi ne, wannan ƙarfen ana ɗaga shi, ana sauke shi, har ya dace da ƙafarka. Mutane da yawa ba su san haka ba. Yadda suka sayi babur haka suke hawansa shekara da shekaru, suna ta zagin giya, alhali giyar lafiyarta ƙalau.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, don kada ku ce a littafi na karanta.

Lokacin ina makaranta a Zariya na sayi babur na hannu, irin mai giya biyar ɗin nan, lamba ɗaya ƙasa, sauran huɗu sama. Wanda ya sayar mini dogo ne sosai, ƙafarsa kamar faranti, kuma kullum da babban takalmin aiki yake hawa. Ni kuwa kun san ni, ba tsawo ba ƙiba. Tun satin farko na lura duk sanda zan tashi daga lamba ɗaya zuwa biyu, sai na ɗage ƙafata gaba ɗaya daga kan mataki kafin ta shiga. Wani lokacin ma ba ta shiga, sai ta tsaya a firi. Na ce to, halin tsohon babur ne, zan saba.

Ran nan da yamma wajen Kwangila zan tsallaka titi. Na hango tirela tana tahowa, amma da 'yar tazara, na ga zan wuce. Na saki kuloci a lamba ɗaya, na shiga tsakiyar titi, na ɗaga ƙafa zan sa biyu, na murɗa totur. Inji ya yi ƙara kamar zai fashe, babur bai ƙara gudu ba. Giya ta faɗa firi. Wallahi har yau ina jin hon ɗin motar nan a kunnena. Da ƙafa na tura kaina na ƙarasa gefe, direban ya leƙo ya faɗa mini maganar da ba zan maimaita a nan ba, kuma da gaskiyarsa.

Washegari na kai wa wani bakanike. Ko hawa bai yi ba ya ce giya ta cinye, sai an sauke inji an buɗe. Kuɗin da ya faɗa ya fi abin da ya rage mini na zangon karatu gaba ɗaya. Na tura babur na yi gaba. A can ƙarshen layin akwai wani dattijo mai gyara, na gaishe shi na yi masa bayani. Ya ce, "Hau in gani." Na hau. Ya ce, "Sa ƙafarka yadda kake sawa in kana tafiya." Na sa. Ya tsuguna ya dubi ƙafar, ya dubi ƙarfen, sai ya yi dariya. Ya ce, "Yaro, wannan babur ɗin har yanzu na mai shi na da ne. Ba a gyara maka shi ba." Na ce, "Baba, ban gane ba." Bai amsa ba. Ya ɗauko sifana lamba 10, ya kwance noti ɗaya, ya zare ƙarfen, ya sauke shi haƙori ɗaya, ya mayar ya ɗaure. Ya ce in zagaya in dawo. Jama'a, kamar an canza mini babur. Minti goma bai cika ba, kuma da ƙyar ya karɓi kuɗin shayi.

To, me ya faru a nan? Sai mun ɗan leƙa cikin inji, amma ba zan wahalar da ku ba.

Ƙarfen da kake takawa yana ɗaure ne a kan wata 'yar sanda da ta fito daga jikin inji, makanikai na ce mata shaf. Idan ka taka ko ka ɗaga, sandar tana ɗan juyawa, ita kuma ta juya wata 'yar ganga mai kwarmi-kwarmi a ciki, mataki ɗaya tak. Gangar ce ke tura wasu ƙarafa masu kama da cokali mai yatsu, su kuma su tura giya ta shiga cikin 'yar uwarta. Da ka saki, akwai sifirin da ke dawo da ƙarfen tsakiya, don ya kamo mataki na gaba. Kun san carbin nan na dannawa? Idan ka danna ba ka kai ƙarshe ba, ba zai ƙirga ba. Idan kuma ka danna ka riƙe ba ka saki ba, ba za ka iya ƙirga na gaba ba. Haka giyar babur take. Abu biyu take nema a wurinka: ka kai ta ƙarshe, sannan ka sake ta ta koma tsakiya.

Yanzu ku duba. Idan ƙarfen ya yi sama da yawa, idon sawunka yana gama lanƙwasuwa kafin ƙarfen ya kai ƙarshe. Ka yi rabin aiki kenan. A babur mai ɗaya ƙasa sauran sama kuwa, firi tana tsakanin ɗaya da biyu, rabin mataki ce. Shi ya sa rabin ɗagawa ke ajiye ka a firi daidai. Abin da ya same ni kenan a tsakiyar titi. Sannan in za ka rage giya, sai ka ɗage ƙafa daga kan mataki kafin ka samu ka hau kan ƙarfen, ga shi lokacin rage giya lokacin birki ne, lokacin da ka fi buƙatar zama daram.

Idan kuma ya yi ƙasa da yawa, matsalar ta juya. Kafin ka cusa yatsu ƙarƙashinsa sai ka tsirar da ƙafa ƙasa, a kwana ko a kan tudun rage gudu takalmi na iya gogar titi. Kuma da yake wurin ya matse, bayan ka sa giya ƙafarka tana nan tana tokare da ƙarfen ba ka sani ba. Bai koma tsakiya ba, saboda haka in ka zo sa ta gaba sai ka ji wayam, ba ta kama komai ba. Sai ka ce giya ta ƙi. Ba ta ƙi ba, kai ne ba ka sake ta ba. Wannan tokarewar kuma, in ta daɗe, tana cin waɗancan ƙarafan masu yatsu na ciki. Ka ga abin da da farko ba ciwon inji ba ne, a hankali ya zama ciwon inji na gaske.

Akwai wata alama da mutane ba sa haɗawa da wannan. In ka yi doguwar tafiya ka sauko kana jin ƙwaurinka na hagu yana zafi, ko idon sawu ya riƙe, na dama kuwa lafiya, to ka zargi wurin zaman ƙarfen nan. Ku tuna mai acaba ko mai kai saƙo yana canza giya sau ɗaruruwa a wuni. Ɗan kuskuren da ba ka ji a tafiyar minti biyar, shi yana jin sa a jikinsa kowane dare.

Yauwa. Ina ne daidai?

Ka sa takalmin da ka saba hawa da shi, wannan muhimmi ne. Kaurin takalmi sau-ciki daban, na babban takalmin aiki daban. Silifa kuwa, don Allah mu rage hawa da ita, ba ta kare komai, kuma tana zamewa. Ka kafe babur a kan babbar ƙafarsa ta tsakiya, ka hau ka zauna yadda kake zama a hanya, hannu a kan kai, ƙafa a kan mataki, ka saki jikinka. Kada ka kalli ƙasa tukuna. Inda yatsunka suka tsaya da kansu, to kan ƙarfen ya kamata ya kasance dab da nan, ta yadda da ɗan motsin idon sawu za ka shiga ƙarƙashinsa, da ɗan motsi kuma ka hau kansa, ba tare da ƙafarka ta bar mataki ba. In kana ƙarƙashinsa ya zama akwai ɗan sarari, ba ya zaune a kan takalminka.

Yadda ake gyaran ya danganta da irin babur ɗinka, iri biyu ne.

Na farko shi ne wanda ƙarfen ke ɗaure kai tsaye a kan sandar inji. Yawancin baburan da ke hannunmu haka suke. Kayan aikinka sifana, galibi lamba 10, da sukundireba mai faɗin baki, da tsumma, da maka ko ɗan fenti. Ka bari inji ya huce, don hannunka zai yi ta gogar jikinsa. Kafin ka taɓa komai, ja layi ɗaya da maka daga bakin sandar zuwa jikin ƙarfen, ko ka ɗauki hoto da waya. Wasu baburan ma kamfani ya buga ɗan ɗigo a wurin. Wannan layin shi zai nuna maka inda ka taso, in abin bai yi ba ka san hanyar komawa.

Sai ka kwance notin da ya matse gindin ƙarfen. A nan ne mutane ke kuskure: sassautawa kawai ba ta isa ba, sai ka zare shi gaba ɗaya. Dalili, sandar tana da wani ɗan kwarmi a jikinta, notin ta cikinsa yake ratsawa, don ko ya saki ƙarfen kada ya faɗi a hanya. Muddin yana ciki, ko za ka kwana kana ja ba zai fito ba. Bayan ka zare, in ƙarfen ya ƙi motsi, sa bakin sukundireba a tsagar gindinsa ka ɗan buɗa kaɗan, ka riƙa girgiza shi kana jawowa. Ban da guduma. Duk dukan da ka yi wa sandar nan, cikin inji yake tafiya.

Da ya fito za ka ga ƙananan haƙora a jikin sandar, da wasu a cikin ramin ƙarfen. Goge su tas, ka cire ƙasa da tsatsa. Sannan ka mayar da shi ka matsa haƙori ɗaya, sama ko ƙasa, gwargwadon abin da kake nema. Na ce ɗaya. Ga lissafin: a ce sandar tana da haƙora 30, kowane haƙori digiri 12 kenan. In tsawon ƙarfen santimita 15 ne, haƙori ɗaya zai matsar da bakinsa wajen santimita 3. Kusan faɗin yatsu biyu fa kenan. Wanda ya tsallake haƙora uku ya wuce gona da iri. Tura shi ciki har ramin noti ya yi daidai da kwarmin, mayar da noti da hannu tukuna, sannan ka ɗaure da sifana. Ya ɗauru sosai, amma ƙaramin noti ne, kada ka hau kansa da ƙafa, tsinkewa zai yi.

Masu Boxer da masu roba-roba, naku mai baki biyu ne, gaba na yatsu, baya na diddige. Wannan tsarin ya daɗe, Honda Super Cub da ta fito a 1958 da shi ta zo, kuma amfaninsa ba sai ka cusa ƙafa ƙarƙashin komai ba, takawa kawai kake yi gaba ko baya. Amma ku tuna ƙarfe ɗaya ne, kamar sikeli. In ka ɗaga gaba, baya ya sauka. Saboda haka ba za ka gyara wa yatsu kaɗai ba, sai ka nemi inda yatsu da diddige duka za su kai ƙarshe, kuma diddigenka ba ya kwance a kan na baya in kana tafiya.

Iri na biyu shi ne mai sandar haɗi. A manyan babura da irin na tsere, matakin ƙafa yana can baya nesa da inji, sai aka sa wata siririyar sanda ta haɗa ƙarfen da kake takawa da wani ɗan hannu da ke kan sandar inji. Wannan ya fi daɗin gyara, don ba ruwanka da tsallen haƙori, kaɗan-kaɗan kake matsawa. Akwai noti a kowane ƙarshen siririyar sandar. Ka sassauta su biyun, sai ka murza sandar da yatsu, za ka ga ƙarfen yana hawa ko yana sauka. Amma a kula, a yawancinsu ɗaya daga cikin notunan nan bahago ne, ta inda ake ɗaure sauran shi ta nan yake kwancewa. In ka ji ya ƙi, kada ka ƙara ƙarfi, gwada ɗaya hannun. Kuma kada ka warware sandar har ya rage 'yan zare biyu ko uku ne ke riƙe da ita, za ta iya fita kana cikin gudu. In ka gama ka ɗaure notunan biyu.

Ko wane iri ne naka, kada ka fita titi kai tsaye. Babur yana kafe, inji a kashe, ka riƙa juya tayar baya da hannu kana sa giya ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, ka dawo har firi. Ka duba ƙarfen ba ya bugun murfin inji, ko mataki, ko ƙafar jingina, a sama ko a ƙasa. In yana taɓa wani abu kafin ya kai ƙarshe, ka koma gidan jiya. Daga nan sai ka zagaya layinku a hankali. Bayan kwana biyu ka sake sa sifana ka ji ko notin yana nan yadda ka bar shi.

Wannan notin, bari in tsaya a kansa, don shi ne inda kuɗi ke zubewa. In ya saki, ƙarfen yana fara rawa a kan sandar. Kowace takawa haƙora na cin juna, har wata rana ka taka ka ji ya zarce ƙasa, giya ba ta motsa ba. Haƙora sun shafe. Me aka saba yi? A tura wurin mai walda ya ɗana masa wuta, a manne ƙarfen da sandar, a ce an huta. Jama'a, ba a huta ba. Na ɗaya, a bayan wurin akwai 'yar roba da ke tare baƙin mai, zafin walda na iya ƙona ta, ka fara ganin ɗigo a inda kake ajiye babur. Na biyu, ranar da za a canza robar nan, ko a zare sandar, sai an yanke. Na uku, ka kashe maganar gyaran da muke yi yau har abada, inda aka manne nan zai zauna. Na huɗu, ranar da babur ya faɗi ta hagu ƙarfen ya lanƙwashe, da sabo za ka saya ka ɗaura a minti biyar, yanzu kuwa aiki ya koma na buɗe inji. In ka ji ƙarfen giyarka yana rawa yau, yau za ka ɗaure shi. In haƙoran ƙarfen ne suka cinye na sandar suna nan, sayi sabon ƙarfe, shi ne mai arha a cikin biyun.

Kada kuma wani ya ji wannan shirin ya ɗauka duk ciwon giya daga nan yake. A'a. In kuloci ba ya saki sosai, giya za ta yi tauri, firi ta yi wuyar samu in kana tsaye, babur ya riƙa ɗan jan ka gaba ko ka matse hannu. Wannan gyaran wayar kuloci ne. Baƙin mai da ya tsufa ko ya yi ƙasa shi ma yana sa giya tauri. Sarƙa da ta saki tana sa canjin ya riƙa fizga. In kuma giya tana shiga daidai, amma da ka ba da wuta sai ta fita da kanta, kullum a lamba ɗaya tilo da ta saba, to wannan kam mai yiwuwa daga ciki ne, ka nemi bakanike na ƙwarai. Abin da nake cewa, a fara da na waje mai sauƙi kafin a kai ga sauke inji. Kuma duk bakaniken da ya yanke maka hukuncin buɗe inji bai hau babur ɗin ba, bai ga yadda kake zama a kai ba, ka nemi ra'ayi na biyu.

Wani ɗan ƙarin ilimi kafin mu rufe, don ku san wannan abin ba saukakke ba ne, mutane ne suka tsara shi. Tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da Norton, giyarsu a ƙafar dama take, birki a hagu. Sai a tsakiyar shekarun 1970 dokar Amurka ta wajabta giya a hagu birki a dama, kamfanonin suka bi don su ci gaba da sayarwa a can. Masu tseren babur kuwa da yawansu juya tsarin suke yi, ɗaya sama sauran ƙasa, saboda in sun kwanta a kwanar hagu babu wurin cusa ƙafa ƙarƙashin ƙarfe, gara su taka kawai. Mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan daƙiƙa ɗaya ba ya yarda ya bi babur, babur ne ke bin ƙafarsa. Kai ma da kake ratsa tsakanin tirela da adaidaita kowace safiya, ban ga dalilin da za ka yarda da ƙasa da haka ba.

'Yan uwa mata masu hawa, da ƙannenmu da aka bar wa babur ɗin yaya ko na baba, ku wannan ya fi shafa, don kusan kullum an daidaita shi ne da ƙafar wani. In kuma babur ɗaya kuke hawa ku biyu a gida, ku zauna ku nemi tsakiya, kuma duk wanda ya matsa ƙarfen ya gaya wa ɗan uwansa kafin ya ba shi makulli.

Aikin gida na wannan makon: gobe da safe kafin ka tayar, kama ƙarfen giyarka da hannu ka girgiza. In yana rawa, sifana lamba 10. Sannan ka hau ka lura, ƙafarka tana barin mataki in za ka canza giya ko ba ta bari? Ku faɗa mana abin da kuka gani, da irin babur ɗinku. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma ƙafar dama, mu yi maganar birkin baya da fitilarsa.

Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.